Rabon Wuƙa

Saƙon ya shigo wayar Auta ranar Litinin da hantsi, tana bayan kanta a shagon maganin da take aiki, tana ƙirga wa wani tsoho ƙwayoyin hawan jini. Ta karanta layin farko, lissafi ya ɓace mata. Ta juye ƙwayoyin ta faro daga ɗaya, ya sake ɓacewa a sha bakwai.

"'Yata, lafiya?" in ji tsohon.

"Lafiya lau, Baba. An ɗauke ni."

"Wa ya ɗauke ki kina tsaye?"

Shekara uku ke nan tana yawo da kyamara duk ranar da ba ta aiki, tana ɗaukar hannuwan mutane a bakin sana'arsu: makaniki, mai aski, magini, mai gasa burodi, ma'aikaciyar jinya. Sau biyu ta aika wa zauren baje hotuna na garin, sau biyu suka ce ta gwada baɗi. Bana wani ya janye a ƙurarren lokaci, suka tuna da ita. Hotuna shida suke so, ranar Asabar da ƙarfe huɗu za a buɗe. Biyar a kan takarda, ba farin gefe ko kaɗan. Na shida babba, tsawon mita guda, a buga shi a kan yadi mai kauri a ɗaure a jikin katako, shi zai fuskanci ƙofar shiga.

Na shidan Gwaggo ce.

Ana tashi cin abincin rana ta kwasa a guje. Shagon Gwaggo yana saman bene, bisa wani mai sayar da takalma: ɗaki ɗaya, taga ɗaya, keken ɗinki uku, biyu na aiki, na ukun an mayar da shi teburin shayi. Gwaggo ƙanwar mahaifin Auta ce, shekara talatin tana ɗinki, kuma ba a taɓa mayar mata da riga don ba ta zauna ba. Matsalarta ɗaya, rana. In ta ce Alhamis, ba ta faɗin ta wane wata. A hannun damanta akwai kanta mai cike da yadduka a ninke, kowanne da maganar da aka faɗa wa mai shi. Wannan yana wajen guga. Wancan saura zif.

Saboda kantar nan ne, ranar da Auta ta zo ɗaukar hoton, Gwaggo ta kafa sharaɗi. "Ki ɗauki hannuna, ki ɗauki keken, ki ɗauki fuskata in tana da amfani. Amma kantar nan kada ta fito. Mace tana gane yadinta ko faɗin farce aka nuna mata." Auta ta yi alkawari, ta kuma cika: da ta koma gida ta datse hoton a kwamfuta, daidai bakin almakashin da ke hannun Gwaggo.

"Gwaggo! Za a rataye ki!"

"A rataye uwar wani dai. Me na yi?"

"A bango, Gwaggo! Mita guda! Duk wanda ya shigo ke zai fara gani!"

Gwaggo ta ɗage ƙafa daga keke. Ta sa aka karanta mata saƙon sau biyu. Ta tambaya ko mita guda ya kai daga kafaɗarta zuwa gwiwa, ta ciro tef ta auna da kanta. Sannan ta jawo waya.

"Wa za ki kira?"

"Kowa."

Kafin Auta ta sauka daga benen, an gayyaci mata goma sha ɗaya, dukkansu masu kawo ɗinki. Tana jiyo muryar har titi: "Asabar, ƙarfe huɗu. A'a, wannan Asabar ɗin gaske ce."

Washegari da safe Auta ta nufi maɗaba'a da hotunanta. Dogon ɗaki ne mai sanyin na'ura da warin tawada, injuna biyu suna huci a jikin bango. Mai wurin kowa Milimita yake kiransa, don ko shayi zai ce a ƙara masa sai ya faɗi iya tsayin da yake so ya kai a kofi. Dogo ne, tabarau a goshi, rular ƙarfe a aljihun gaba, farar safar hannu a na baya. Ya buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya a allonsa har ya kai ƙarshe.

"Kina da ido," ya ce. "Amma ina rabon wuƙa?"

"Rabon wa?"

"Wuƙa, Malama. Ita ma ma'aikaciya ce a nan, kuma ba ta aiki da yunwa."

Ya ja ta zuwa wani teburin ƙarfe mai wuƙa tsawon hannun mutum a rataye bisansa. A ƙasa akwai kwando cike da siraran takardu masu launi. Ya ɗebo ya zuba mata a tafin hannu: wani shuɗin sama, wani ganye, wani gefen kunnen mutum.

"Ba a buga hoto daidai girman da ake so. Ana sa shi ya zarce da milimita uku ta kowane gefe, sannan wuƙa ta sauko ta cikin hoton. Takarda tana motsi, wuƙa tana da nata halin. In kin ba ni daidai wa daida ta kauce da rabin milimita, sai ki ga farin zare a gefe. A tebur ba wanda zai lura. A bango, ƙarƙashin fitila, daga bakin ƙofa za a hango shi, kuma sunanki ne a ƙasa, ba nawa ba."

"To ka ɗan ƙara girman nawa mana."

"Zan iya. Sai wuƙar ta cinye babban yatsan mai askin nan, ga shi nan yana shafar gefe. Kina da na asali, waɗanda ba ki datse ba?"

Tana da su. Ta zauna a benci da kwamfutarta a cinya, shi kuma ya tsaya a kanta yana nuni da rula. Layi uku za ta sa wa kowane hoto. Na waje shi ne iyakar bugu. Ja na tsakiya nan wuƙa za ta bi. Kore na ciki, kada wani abu mai daraja ya tsallake shi. Ta buɗe makanikin, ta ja gefen waje da milimita uku, sai ga ɗan ƙarin taya da ta yanke wata takwas da suka wuce ya dawo, don kawai a sake yanke shi. Abin ya ba ta dariya. Ta yi mai aski, ta yi magini. Duk hoton da ta gama sai ta hango shi a bango, da mutane a gabansa suna karkata kai.

Tana gama na biyar ɗaya injin ya fara ƙara, takarda ta maƙale. Milimita ya ruga, ya tura kai da kafaɗa cikin cikinsa.

"Na yadin fa?" ta ɗaga murya. "Shi ma uku?"

"Biyar!"

"Milimita biyar?"

"Santimita! Kowane gefe!"

Ba ta yi mamaki ba. Babban hoto, babbar wuƙa, babban rabo. Ta buɗe Gwaggo ta asali ta fara ja. Ta sama silin ya ƙaru. Ta hagu labule. Ta ƙasa ƙafar keke. Ta ja ta dama, kantar ta shigo kamar baƙuwar da ba a gayyata ba: yadi biyar, ɗaya bisa ɗaya, faɗin yatsa uku, kowanne da launinsa tar.

Ta daɗe tana kallo. Jan layin ya raba su da almakashin sarai.

"Malam! Duk abin da ke bayan jan layi ba zai fito ba ko?"

"A fuskar hoton? Ko ƙwayar zarra!"

Ta ji kalmar fuska, ta wuce ta. Ta sa hannu a takardar amincewa, ta fita tana tsallake matakala bibbiyu.

Laraba da azahar suka zo karɓa. Gwaggo ta rufe shago, abin da ba ta yi ba ko ranar da haƙorinta ya kumbura. Ta ci ado kamar yau ne buɗewar, ta gaisa da Milimita tana duban wuyan rigarsa da idon da ya sa ya kai hannu ya gyara.

Ya sa farar safarsa ya shimfiɗa biyar ɗin a tebur. Auta ta sunkuya ta bi gefensu da ido, kusurwa zuwa kusurwa. Babu zare ko ɗaya. Launi ya tafi har bakin takarda ya tsaya cak. Yatsan mai aski na nan lafiya. Ta ji kamar ta rungumi teburin.

"Sai babbar," in ji Milimita. Ya ɗauko ta daga jikin bango ya juyo da ita.

Hasken taga ya sauka a hannuwan Gwaggo, jijiyoyi da tabon allura da farin alli a bakin farce. Almakashin ya buɗe baki. Fuskar tana sunkuye, leɓe a cije, ba ta san da kowa ba. Auta ta ga hoton nan sau ɗari a allo, amma ba ta taɓa ganin ya fi ta faɗi ba. Ta toshe baki da hannu biyu tana tsalle a wuri ɗaya.

Gwaggo ta matso kusa ta ce, "Ashe haka nake cije baki? Shekara talatin ba wanda ya gaya min."

Da wata ce, da an tsaya nan an tafi gida. Amma tela ba ya yanke hukunci daga fuskar riga. A miƙa masa mafi kyawun ɗinki a duniya, abin da zai fara yi shi ne ya juya ya ga yadda aka kashe baki. Gwaggo ta matsa hagu, ta shafa inda yadin ya lanƙwasa ya bi kaurin katakon, ta duba ninkin kusurwa ta gyaɗa kai. Ta zagaya dama.

"Auta."

"Na'am."

"Zo nan."

Suna nan, su biyar, a jere daga sama zuwa ƙasa a gefen katakon, sun fito fes fiye da yadda suke a kanta. Gwaggo ta sa yatsa ta bi su.

"Ruwan hodar Malamar firamare. Mai ganyen matar mai takalma, da nake wucewa ta gabanta kullum. Na amaryar direba. Na Nas." Yatsan ya sauka can ƙasa, kan wani shuɗin leshi mai duwatsu. Muryar ta sauka tare da shi. "Na Lauya."

Auta ta juya kan Milimita. "Ka ce wuƙa za ta cinye!"

"Na takarda. Yadi ba a yanka shi, ana nannaɗe shi a bayan katako. Kin tambaye ni fuska, na ce miki ba zai fito a fuska ba. Duba fuskar. Ya fito?"

"Wannan ai ba yanka ba ne," in ji Gwaggo. "Kalmasa ce. Da ni kuka tambaya da na gaya muku. Santimita biyar! Wace wuƙa ce ke cin santimita biyar, ta mahauta?"

"A sake bugawa," in ji Auta. "A sa baƙi a gefen."

"Yadi mai wannan faɗin ya ƙare a kan Gwaggonki. Sabo sai Talata."

"A manna wani abu a kai."

"A aikina? Ya ɗago tawada, ya yi kumburi ƙarƙashin fitila? Zauren ma ba za su karɓa ba."

Gwaggo ta nemi benci ta zauna. "Wata bakwai leshin nan yana wajena. Sau huɗu na rantse wa matar nan an yanka, an ɗinka, saura maɓalli. Matar da aikinta ke nan kama mutane da hujja. Kuma ni da bakina na ce ta zo ranar Asabar." Ta dubi Auta. "Ba zai hau bango ba."

Auta ba ta yi gardama ba. Ita ta yi alkawari, ita ta sa hannu. Ta san kuma abin da zauren zai ce: shida suka nema, babban shi ne na ƙofa, in babu shi akwai wasu a layi, kamar yadda ita ma ta kasance a layi. Ta tsaya tana kallon kwandon wuƙa.

"Yadda kika ce, Gwaggo."

"Kada ki yi min wannan muryar."

"Ban yi wata murya ba."

"Muryar ubanki ce, na san ta."

Injin ya ci gaba da huci. Milimita ya sami abin gogewa a can nesa. Gwaggo tana zaune, amma idonta ya ƙi barin hoton. Ta dubi hannuwan da ke ciki, ta dubi na cinyarta. Ta tashi ta koma gefen dama, wannan karon da idon aiki. Leɓenta na motsi.

"Yau me?"

"Laraba."

"Rabin Laraba. Alhamis. Juma'a. Asabar zuwa azahar." Ta lanƙwasa yatsu. "In mace ta ga yadinta a hoto alhali yana kantata, na zama maƙaryaciya. In ta gan shi a hoto yana jikinta fa?"

Milimita ya daina goge-goge. "Ya zama talla."

"Ba da kai nake ba, amma ka faɗi daidai. Auta, kin iya guga?"

"Na iya!"

"Ba ki iya ba, za ki koya. Je ki ce wa masu maganin nan Gwaggonki ba lafiya."

"Ƙarya kuma, Gwaggo?"

"Dube ni da kyau. Lafiya ce ke sa mutum ya yi riga biyar a kwana uku?"

Auta ta ɗauki hutun kwana biyu da gaskiyarta. Aka sauke kayan shayi daga keke na uku don a sami wajen yanka. Mai takalma ya hau sama sau biyu yana tambaya ko wani abu ya faru, don bai taɓa jin silinsa na rawa haka ba. Sau biyu aka tare shi a bakin ƙofa, don mai ganyen matarsa ne a ƙarƙashin allura. Gwaggo na yanka tana ɗinki, Auta na tsefe zare, tana sa maɓalli, tana guga, tana shan faɗa.

"Wannan guga ce ko lallashi? Danna!"

Ruwan hodar ya fita ranar Alhamis da la'asar. Auta ta kai wa Malama har makaranta, Malama ta buɗe leda ta ce, "Wani ya mutu ne?" Mai ganye ya sauka bene ranar Juma'a da safe. A ranar ne Auta ta saci awa guda ta raka hotunan zaure, ta ga an kafa ƙusa, an ɗaga Gwaggo an saita ta da ƙofa, an kunna mata fitila uku. Ta koma shago ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Na amarya ya fita da yamma. Na Nas ranar Asabar da hantsi.

Saura shuɗin leshi. Gwaggo ta shimfiɗa shi a tebur, ta ɗauki almakashi, ta ajiye.

"Yanka mana, Gwaggo, akwai awa huɗu!"

"Da wane awo?"

"Nata mana."

"Shafin ya ɓata. Tun makon da ta kawo. Shayi ya zube a littafin, na yage shafin in shanya, iska ta yi gaba da shi." Ta faɗa tana kallon taga, kamar yanzu ma za ta iya hango shi. "Me kike tsammani ya hana ni wata bakwai? Lalaci? Leshi irin wannan ba a yanka shi da ka. Kuma ta yaya zan ce ta zo a sake awo, bayan na ce saura maɓalli?"

Auta ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da hawaye. Gwaggo ta jefe ta da ƙwallon zare.

"Ji nan. Zan je. Huɗu sun fita kunya. Na biyar yana can ƙasa a kusurwa, tafin hannu ɗaya ya rufe shi. Amma in matar nan ta gani ta tsinka ni a gaban jama'a, da hannuna zan sauke shi daga bango in fita da shi a ka. Kin ji na gaya miki."

"Na ji."

Ta ninke leshin ta mayar kanta. Da za su fita ta rataya tef ɗin awo a wuya bisa kwalliyarta. Ta ce don mutane su gane ita ce.

Zauren fari ne fat, ƙasa na sheƙi, sanyi na saukowa daga sama. Auta ta tsaya a ƙofa ta karanta sunanta a ƙaramin kati sau uku. Mutanen da ba ta sani ba suna tsaye gaban makanikinta suna karkata kai, daidai yadda ta hango. Wani mai furfura ya tambaye ta wace kyamara take amfani da ita, ta buɗe baki sunan ya gudu.

Gwaggo ba ta tsaya kallon kowa ba. Ta wuce kai tsaye ta kama kusurwar ƙasa ta dama da tafin hannu, ta gyara tsayuwa, ta saki murmushi.

Wata ma'aikaciyar zauren ta matso. "Mama, ba a taɓa hotuna."

"Ni ce a ciki. Kaina nake taɓawa."

Ma'aikaciyar ta dubi hoton, ta dubi Gwaggo, ta tafi neman wanda zai san dokar wannan.

Matan suka iso kusan tare, ƙamshin turarensu na gaba. Matar mai takalma ce ta fara leƙa gefe. Ta dubi katako, ta dubi hannun rigarta, ta saki ƙara.

"Jama'a, ga ni a hoto! Ga yadina!"

Nan fa wuri ya kaure. Malama ta gano ruwan hodarta, Nas ta gano nata, amarya ta kira mijinta a waya tana nuna masa. Suka jeru a gefen hoton kowacce ta manna hannun rigarta kusa da nata, ana ɗaukarsu. Sauran matan, waɗanda yaddukansu ke can cikin kanta inda kyamara ba ta kai ba, suka fara ƙorafi an yi son kai. Mai furfurar nan ya zagayo ya duba, ya ce wa Auta wannan dabara ce mai zurfi, aikin a fuska, masu aikin a gefe. Auta ta ce ta gode. Milimita, da ya zo cikin riga mai wuya a goge, ya yi tari ya kau da kai.

Ƙarfe biyar saura Lauya ta shigo. Gajera ce, cikin baƙar kwat, tafiyarta ba gaggawa. Ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ƙaraso.

"Gwaggo, barka. Wannan hannu ya cancanci bango." Ta juya ga Auta. "Ke ce mai hoton? Ki ci gaba." Ta dubi matan da ke cincirindo a gefe. "Me ake kallo a nan?"

"Yaddukanmu!" in ji Nas. "Duba ko naki na ciki. Gwaggo, ɗaga hannunki mana, akwai wani a ƙasa."

Tafin Gwaggo ya ƙara mannewa. Murmushin na nan, amma ya bushe. Auta ta ga ɗaya hannun ya fara lalubar ƙasan katakon, wajen da ake kamawa a ɗaga. Ta dubi hannun, ta dubi tef ɗin da ke lilo a wuyan Gwaggo, ta ɗaga kyamara ta juya ga Lauya.

"Ranki ya daɗe, wata alfarma. Ina son hoto ɗaya na Gwaggo tana aiki a gaban hotonta. Ko za ki tsaya ta yi kamar tana auna ki? Kwat ɗin nan za ta fito da kyau."

Gwaggo ta dubi Auta. Ba ta taɓa yi mata irin wannan kallon ba.

"Malam," ta ce da Milimita, "zo ka riƙe min nan, kusurwar tana motsi."

"Kusurwata ba ta..." Ya ga idonta. Ya zaro farar safa daga aljihun baya, ya sa, ya ɗora hannu daidai inda nata ya tashi, ko rabin milimita bai kauce ba.

Lauya ta ajiye jaka ta buɗe hannuwa. Tef ya sauko daga wuya. Gwaggo ta cije leɓe.

"Kafaɗa sha biyar," ta ce, kamar mai wasa. "Hannu ashirin da biyu. Auta, kina ɗauka?"

"Ina ɗauka." Tana danna kyamara da dama, da hagu kuma tana rubutu a bayan katin gayyata da ta danne a cinyarta.

Mutane suka kewaye su suna dariya, wasu na tafi. Tef ya zagaya ƙirji, ya sauka ƙugu. Lauya na tsaye hannuwa a sama, idonta a kan fitilun silin. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta motsa kai ba.

"Kafaɗar sha shida ce, Gwaggo. Ki sake."

Tef ɗin ya tsaya.

"Shuɗi ne mai duwatsu. Ni na zaɓe shi, na san shi. Ɗan yatsanki ƙarami bai rufe gefensa ba, tun daga ƙofa na hango." Ta ɗan saki murmushi don kyamara. "Ranar Juma'a akwai liyafar ofishinmu. Wannan Juma'ar."

Auta ta sauke kyamara daga ido. Ta dubi hannun Gwaggo, ta dubi bango. Gwaggo ta mayar da tef kafaɗa, ta ja shi daga ƙashi zuwa ƙashi, ta kanne ido ɗaya.

"Sha shida," ta ce. "Auta, gyara. Malam, sauke hannunka, ka tare wa mutane hoto." Ta koma ƙugu. "Ke kuma saki numfashin nan, ranki ya daɗe. Ba a kotu kike ba, kina ɓata min awo."